Kwamfutar da ke yawan sandarewa: gano ciwon kafin a formate ta

Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta sandarewa ba gaira ba dalili. In linzami ya tsaya cak, allo ya ƙame a kan abin da yake nunawa, akwai abin da ya jawo, kuma a mafi yawan lokuta mai ita yana iya gano shi da kansa cikin yini guda. Amma a Yamai, da ka ce wa wani ordinatarka tana bloke, amsar da za ka ji ita ce: "Kai ta a formate." Formate shi ne a goge duk abin da ke cikin kwamfuta a sake sa mata Windows. Wannan shawara tana cin kuɗi, tana cinye takardun mutane da hotunansu, kuma sau da yawa kafin sati ya zagayo ciwon ya dawo. Formate ba ya fitar da ƙura daga fanka, ba ya warkar da diskin ajiyar fayiloli da ya fara mutuwa. Maganin ƙarshe ne, kuma akwai abubuwa da yawa a gabansa.

Tunda yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane a nan Windows ɗinsu na Faransanci ne, za mu riƙa faɗin sunayen wurare yadda suke fitowa a allo.

A daidai lokacin da ta sandare

Kada hannunka ya yi saurin zuwa kan maɓallin kashewa. Fara danna maɓallin manyan baƙaƙe, Verr Maj, ka duba ƴar fitilarsa. In tana kamawa tana mutuwa, kwamfutar tana da rai, wata manhaja ce ta maƙale ko diski ne ya riƙe ta. Ba ta minti biyu ko uku. Sannan danna Ctrl da Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe, ka zaɓi manhajar da ta ƙi amsawa ka danna Fin de tâche. In allo ne kaɗai ya ƙame amma sauti yana ci gaba, danna maɓallin Windows da Ctrl da Maj da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, allo ya yi baƙi na daƙiƙa guda ya dawo. Ka tayar da direban hoto ke nan, wato manhajar da ke sarrafa abin da allo ke nunawa, ba tare da ka rasa aikinka ba.

In fitilar ba ta amsa ko kaɗan, to ta sandare gaba ɗaya. Danne maɓallin kashewa kamar daƙiƙa goma har ta mutu. Yin haka sau ɗaya ko biyu ba laifi, amma wanda ya mai da shi al'ada kullum yana lalata fayilolin Windows a hankali, sai a ƙara wani ciwo a kan na farko.

Da ta tashi, abu na farko shi ne ka kwashe takardunka masu muhimmanci zuwa kile USB ko diski na waje. Ɗalibin da ke rubuta memuwarsa a Jami'ar Abdou Moumouni, ko mai shago da lissafin bashinsa ke cikin Excel, bai kamata ya taɓa komai cikin abin da ke tafe ba sai ya yi wannan.

Daga nan sai ka lura da lokacin da take sandarewa, don shi ne rabin binciken. Wadda ke aiki lafiya da sassafe amma ta ƙame bayan azahar, ko bayan rabin awa na kallon bidiyo, zafi ne ke damunta. Wadda ke tsayawa in ka buɗe fayil ko kana kofe, ta saki bayan daƙiƙa talatin ta sake kamawa, a tuhumi diski. Wadda ke ƙamewa da an ɗaga ta ko an gusar da ita, wani abu ne ya yi sako-sako a ciki. Wadda ba ta yi sai an jona caja, ko sai an cire, maganar wuta ce. Wadda kuma ta fara abin bayan an sa mata sabuwar manhaja ko Windows ya sabunta kansa, ka riga ka san inda za ka nufa. Windows ma yana ajiye tarihin wannan: danna maɓallin Windows da R, rubuta perfmon /rel, za ka ga jadawalin kwanaki da jajayen alamu a ranakun da aka samu matsala, da sunan abin da ya faɗi, da abin da aka girka kafin nan.

Zafi da ƙura

A ƙasarmu nan ya kamata a fara. Kamfanonin Dell da HP da Apple duk suna rubuta cewa kwamfutocinsu na tafi-da-gidanka su yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin rana a Yamai da Tawa yana wuce 40, ɗakin da ke da rufin kwano ma ya fi haka. Ke nan fanka tana jawo iska mai zafi don ta sanyaya abin da ya fi ta zafi. Ga shi kafin bazarar ta zo, hunturu ya riga ya kwashe watanni yana cusa mata ƙura.

Kada ka auna da tafin hannu, sa mata HWMonitor ko Core Temp, dukansu kyauta ne kuma ƙanana. In ba ka aikin komai, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta zauna tsakanin digiri 45 da 60 a lokacin zafi, babu damuwa. In ana aiki mai nauyi ta kai 80 ko 85, har yanzu da sauƙi. Amma in tana zaune a kan 75 ba ta yin komai, ko tana taɓa 95 zuwa 100 da ka buɗe bidiyo, ka kama ɓarawon. Yawancin furosesocin Intel iyakarsu wajen digiri 100 ce. Kafin su kai nan sai su rage gudunsu da kansu don kada su ƙone, shi ne kake ganin komai ya yi nauyi kamar ya tsaya. In hakan bai isa ba, kwamfutar ta ƙame ko ta mutu farat ɗaya.

Ƙurar da ke kashe kwamfuta ba wadda kake gani a kan maɓallai ba ce. A ciki, tsakanin fanka da siraran faifan ƙarfe da iska ke ratsawa ta fita, ƙura da zaren tufa suna haɗuwa su zama wani abu kamar ƙyallen bargo, su toshe hanya. Fanka tana ta ihu, amma in ka kai hannu bakin mafitar iskar ba za ka ji komai ba sai ɗan hucin zafi. Hura iska daga waje ba ya fitar da wannan bargon, sai dai ya ƙara tura shi. Dole a buɗe.

Kashe kwamfutar, cire caja, kwance sukurorin murfin ƙasa ka jera su a kan takarda yadda suke, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon sukuru a gurbin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashinsa. Da ka ɗaga murfin, zare wayar batir daga babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira kart-mer, kafin ka taɓa wani abu. Kwance fankar, yawanci sukurori biyu ko uku ne da ƴar waya guda, ka ɗaga ta, za ka ga bargon ƙurar. Cire shi da yatsa, ka share faifan ƙarfen da busasshen buroshin haƙori. In za ka hura iska, danne fukafukin fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. Kuma don Allah kada a kai kwamfuta wurin mai facin taya ya hura mata iskar kwampureso. Ƙarfin iskar yana karya fukafukai, kuma tana fitowa da ɗigon ruwa daga tankin.

In an share ƙura zafin bai sauka ba, saura man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye mata zafi, wanda ake sayarwa da sunan pâte thermique. Kwamfutocin okaziyo da suka cika kasuwa, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso nan, kuma da yawa ba a taɓa canza musu wannan man ba, ya bushe ya zama kamar busasshen laka. Sukurorin ƙarfen suna da lambobi a gefensu. Kwance su daga babbar lamba zuwa ƙarama, ɗaure su daga 1 zuwa sama, kaɗan-kaɗan, don nauyin ya sauka daidai. Goge tsohon man da ƙyalle mai tsabta da alkol mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ka bar shi ya bushe. Sabon man kuwa kwatankwacin ƙwayar shinkafa ya isa. Yawansa ba ya ƙara sanyi. Man goge baki da wasu ke shafawa a madadinsa yana bushewa cikin kwanaki, a koma gidan jiya.

Sauran na ɗabi'a ne. Katifa da darduma da cinya duk suna toshe ramukan da ke ƙasan kwamfuta, tabarmar fada da aka shimfiɗa a kan rairayi kuma tana ba fanka yashi ta sha. Ɗora ta a kan tebur ko faranti, ka ɗaga bayanta da marfin kwalba biyu don iska ta shiga. Akwai kuma wata dabara mai amfani a bazara: shiga Options d'alimentation, ka buɗe saitin da ke ciki har ka kai Gestion de l'alimentation du processeur, ka mai da État maximal du processeur daga 100 zuwa 99. A yawancin kwamfutoci wannan yana hana furosesa yin ƙarin gudun da ake kira Turbo, zafi ya sauka sosai, kuma mai aikin Word da intanet ba zai ji bambanci ba.

Diski

Buɗe Gestionnaire des tâches ka bar shi a gefe kana aiki. In layin Disque yana maƙale a kan 100% alhali ba ka kofe komai, kuma sandarewar tana zuwa daidai da hakan, sa CrystalDiskInfo. Wannan manhaja tana karanta rahoton da diski ke ajiyewa game da lafiyar kansa. Shuɗi da kalmar Correct, lafiya. Rawaya da Prudence, ya fara lalacewa. Ja da Mauvais, kwanansa ya ƙare. Duba layuka uku musamman: 05, C5 da C6. Na farko yana ƙirga gurabun da suka mutu aka musanya su, sauran biyun kuma gurabun da diski ke fama ya karanta ya kasa. Duk sanda Windows ya nemi wani abu da ke kan irin wannan gurbi, diski zai yi ta maimaita karatu, komai ya tsaya yana jiransa. Sandarewar ke nan. In kana jin ƙas-ƙas daga ciki, kada ka jira wata shaida.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure mai tsada. Diskin da ya nuna rawaya ba a formate shi, ba a kuma sa masa umarnin binciken diski na chkdsk /r, domin duka biyun suna tilasta masa aiki na awoyi a jere, wanda ka iya ƙarasa shi da takardunka a ciki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kwashe abin da za ka iya kwashewa, ka fara da ƙananan fayiloli masu muhimmanci kafin bidiyoyi, sannan a canza diskin.

Ko da ya nuna shuɗi, tsohon diski mai juyawa, mai gudun 5400 a minti, ba ya iya ɗaukar Windows 10 ko 11 cikin sauƙi. A ra'ayinmu babu kuɗin da mai tsohuwar kwamfuta zai kashe da ya fi na SSD amfani, wato sabon irin diski mai sauri. Na 256 Go ya ishi mai aikin ofis da karatu. Duba kawai irin gurbin da kwamfutarka ke da shi, SATA mai inci 2.5 ne ko siririn nan M.2, kuma in M.2 ne, SATA yake karɓa ko NVMe, don ba kowane ke shiga madadin ɗan'uwansa ba. SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki, saboda haka girgizar kabu-kabu a kan hanyar jar ƙasa ba ta dame shi ba. In na okaziyo za ka saya, a jona shi a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awoyin da ya yi yana aiki. Kowane iri ne kuma, kada ka bari C:, wato ɓangaren diskin da Windows ke ciki, ya cika maƙil, bar masa aƙalla 20 Go.

RAM

Matsalar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, iri biyu ce. Ta farko ƙaranci: 4 Go shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, kuma da ka buɗe shafuka goma a Chrome da WhatsApp da Word ya cika, sai Windows ya koma ajiya a kan diski, komai ya yi nauyi. In layin Mémoire yana wuce 90% kullum, kai shi 8 Go. Kafin ka saya, karanta rubutun da ke jikin wanda ke ciki. DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, kuma DDR3L mai aiki da bolt 1.35 dabam yake da DDR3 mai 1.5, kwamfutocin da ke da Intel na zuriya ta huɗu DDR3L suke so.

Ta biyu lalacewa ko sako-sako, kuma ita ce ke kawo sandarewar da ba ta da lokaci, wani sa'in da shuɗin allo. Danna Windows da R, rubuta mdsched, ka bar ta ta sake tashi ta gwada kanta. MemTest86 da ake tayarwa daga kile USB ya fi zurfin bincike. Bar shi ya kwana yana aiki, kuskure ko guda ɗaya ya isa hujja. In sandar RAM biyu ce a ciki, cire ɗaya ka yi aiki da ɗaya na yini guda, sannan ka musanya. Sau da yawa ma ba lalacewa ba ce: cire sandar, goge haƙoranta masu ruwan zinari da abin goge fensir, ka mayar har ka ji ƙarfunan gefe sun kama.

Caja da wuta

Ana raina wannan, alhali cajojin jabu sun yi yawa. Juya kwamfutar ka karanta abin da take buƙata, ka gwada da abin da ke jikin caja. Dell da HP yawanci bolt 19.5 ne, Lenovo 20, ƙarfin kuma wat 45 ko 65 ko 90. Cajar da ta fi ƙarfin wat ba ta cutarwa in bolt ɗin ya dace, wadda ta gaza ce matsala. Cajar Dell mai zagayayyen kai tana da siririn tsinke a tsakiya wanda kwamfuta ke gane ta da shi. In ya karye ko cajar jabu ce, kwamfutar tana iya ƙin cajin batir, ta kuma danne gudun furosesa zuwa ƙasa da 1 GHz. Ana ganin wannan a shafin Performances na Gestionnaire des tâches, kuma mai ita zai rantse sandarewa take yi. In linzami yana tsalle-tsalle ko yana ƙin motsi sai an cire caja, ita ma alamar caja maras kyau ce ko soket maras wayar ƙasa.

Gwajin ba wuya: yi awa guda a kan batir kaɗai, sannan ka ari caja ta asali ka yi awa guda. Masu aiki da kwamfutar da batirinta ya mutu su sani cewa duk ɗaukewar wuta, da duk sauyawa zuwa janareta, kashewar dole ce ga diski. Rubuta powercfg /batteryreport a Invite de commandes, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka ga abin da ya rage na ƙarfin batirin. In kuma ka ga wurin shafa yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take, a cire shi, kada a huda shi ko a matsa shi, yana iya kamawa da wuta.

In jikin lafiya yake

Sai a koma kan Windows. Danne Maj ka danna Redémarrer, ka bi Dépannage, Options avancées, Paramètres, ka sake tayarwa, ka danna F4 don shiga Mode sans échec. In diskin yana kulle da BitLocker, wato makullin sirri na Windows, tanadi lambar buɗewarsa tukuna, don za a iya tambayarka. A wannan yanayi Windows yana tashi da abin da ya zama dole kaɗai. In ta yi awoyi ba ta sandare ba, laifin na wani direba ne, wato pilote, ko wata manhaja mai tashi tare da Windows.

Direban hoto da na wifi su aka fi kamawa. A Gestionnaire de périphériques, buɗe Cartes graphiques, shiga Propriétés, sannan Pilote. In matsalar ta fara bayan sabuntawa, danna Restaurer le pilote. In ba haka ba, ɗauko direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurinta. Manhajojin nan da ke cewa za su sabunta dukan direbobi da dannawa ɗaya suna yawan sa wanda bai dace ba. Kashe duk abin da ba ka buƙata a shafin Démarrage na Gestionnaire des tâches, ka kuma cire alamar Activer le démarrage rapide a Options d'alimentation, musamman in sandarewar tana zuwa jim kaɗan bayan kunnawa.

Riga-kafin bairos guda ɗaya ya isa. Biyu ko uku a kwamfuta ɗaya suna kokawa a kan kowane fayil, su da kansu su sandarar da ita, kuma Sécurité Windows da ke ciki yana aikinsa in ana sabunta shi. Kile USB da ta zaga wuraren buga takardu takan dawo da bairos ɗin da ke mai da fayiloli raccourci, wato ya ɓoye na ainihi ya bar alamarsu kawai, manhajojin sata kuma wani lokaci suna zuwa da abin da ke cin ƙarfin furosesa a ɓoye. In Processeur yana sama alhali ba ka buɗe komai ba, yi Analyse hors ligne daga cikin Sécurité Windows. Don gyara fayilolin da yawan kashewar dole ya ɓata, buɗe Invite de commandes a matsayin administrateur, rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, in ya gama ka rubuta sfc /scannow.

Akwai gwaji guda da ke raba gardama. Ɗauki kile ta 8 Go, ka sa mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ke aiki a madadin Windows, da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga kanta ba tare da ka girka komai ba, ka yi awoyi kana kallon bidiyo da shiga intanet. In ba ta sandare ba, kuma diski ya nuna shuɗi, yanzu formate ya halatta. A yi shi da Windows na asali, ba irin wanda wani ya yanke ya rage ba, kuma a tuna Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, don haka in kwamfutar tana ɗaukar 11, shi za a sa.

In kuwa ta sandare a Linux ma, bayan zafi ya sauka, RAM ya ci gwaji, an kuma canza caja, to ciwon yana kan kart-mer, aikin mai gyara ne da ke da awon wuta da kayan narka dalma. Kafin ka tafi, gudanar da gwajin da kamfani ya sa a ciki: a Dell danna F12 lokacin kunnawa ka zaɓi Diagnostics, a HP danna Échap sannan F2. Rubuta lambar kuskuren da ya bayar a takarda, tare da digirin zafin da ka auna da jerin abin da ka riga ka gwada, ka miƙa wa mai gyaran. Ka kuma rubuta girman RAM da lambar diskinka a gabansa, ko ka cire diskin ka bar shi a gida in gyaran bai shafe shi ba.